Duk wata yana tura wa mahaifiyarsa kuɗi, kullum kuma yana shan tiramol



Wata ranar Laraba da yamma, ana dab da kiran Magariba, wani matashi ya shigo shagon maganin da nake aiki a nan Agege. Da ganin kafaɗunsa da warin albasar da ke tashi daga rigarsa ka san ɗan dako ne. Ya rusuna ya gaishe ni, sannan ya sassauta murya ya ce, "Anti, ko akwai tiramol mai 225?" Na ce masa babu, doka ba ta yarda a sayar da irinta ba, kuma ko ƙaramar ma sai da takardar likita. A al'ada nan maganar take ƙarewa, mutum ya juya ya nufi mai tebur a bakin tasha. To amma ranar an tsuge da ruwa, ya tsaya fakewa, ni kuma babu layi a gabana. Sai na tambaye shi, "Ƙanena, me take yi maka?"

Bai amsa ba sai da ya zaro wasu 'yan takardu daga aljihu, a ninke cikin leda. Rasit ne na masu POS, na kuɗin da yake tura wa mahaifiyarsa a wani ƙauye na jihar Sakkwato, wata bayan wata, babu fashi. Ya ce, "Anti, in ban sha ba, ba na iya ɗaga buhu goma. In ban ɗaga ba, me Inna za ta ci?" Da hira ta yi nisa ya faɗa mini cewa ya taɓa faɗuwa yana jijjiga da buhu a kansa, sai farkawa ya yi ya ga mutane na yayyafa masa ruwa. Washegari ya sake sha.

Kai da kake karanta wannan, wataƙila akwai irinsa a gidanku, ko a layinku. Kuma na san kalmomin da muke jifansu da su: ba shi da hankali, zuciyarsa ta mutu, bai san ciwon kansa ba. Shekarun da na yi a bayan kanta sun sa na daina yarda da wannan hukunci. Mutumin da ya adana rasit na wata da watanni a cikin leda don kada ruwa ya taɓa su, zuciyarsa ba ta mutu ba. Yana da abin da yake ƙauna, yana da abin da yake jin kunyarsa. Tambayar da ta kamata mu yi ita ce, ta yaya mai irin wannan zuciya yake ɗaukar abin da ya taɓa kayar da shi a tsakiyar kasuwa ya sake jefawa a baki?

Kafin mu shiga amsar, ga girman abin. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a watan Janairun 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da wani abin maye a cikin shekarar da ta gabaci binciken, ban da giya da sigari. Masu tabar wiwi sun kai miliyan 10.6, masu tiramol da danginta miliyan 4.6, masu maganin tari mai kodin miliyan 2.4. Ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Kuma ga abin da yakan ba 'yan uwanmu na gida mamaki: shiyyar Kudu maso Yamma, inda muke zaune ɗin nan, ita ce kan gaba da kashi 22.4 cikin 100, Arewa maso Yamma kuwa kashi 12. Don haka uwar da ta turo ɗanta Legas da zaton ta raba shi da miyagun abokai, ta sani ba wurin da babu ƙwaya ta turo shi ba.

A shekarar 1994 wasu masana ƙwaƙwalwa a Jami'ar Iowa ta Amurka, Antoine Bechara da Antonio Damasio da abokan aikinsu, sun ƙirƙiro wani gwaji mai kama da wasan karta. Ana ajiye wa mutum tsibi huɗu na kati a kife, a ba shi rancen Dala 2,000 ta wasa, a ce ya riƙa zara ɗaya bayan ɗaya, ya yi ƙoƙarin tara riba. Ba a gaya masa sirrin ba. Tsibi biyu suna ba da Dala 100 a kowace zara, amma lokaci zuwa lokaci sai su ci shi tara mai nauyi, ta yadda a duk kati goma asarar Dala 250 yake yi. Sauran biyun Dala 50 kacal suke bayarwa, tararsu kuma 'yar kaɗan ce, a duk kati goma ribar 250 ake samu. Yawancin mutane sukan fara da tsibin mai tsoka, su sha wuta sau biyu ko uku, sai jikinsu ya ba su, su koma wa mai ƙaramar riba tun kafin ma su iya bayyana dalili. Amma marasa lafiyar da suka samu rauni a gaban ƙwaƙwalwa, daidai saitin bayan goshi, sai su yi ta komawa wa tsibin da ke cinye su. Wasunsu har sukan iya nuna maka da yatsa wanda ke da haɗari, sannan su miƙa hannu su zara daga cikinsa.

Da aka gwada masu fama da shaye-shaye a shekarun da suka biyo baya, da yawa daga cikinsu, ba duka ba, sun yi wasan kamar waɗancan marasa lafiyar. Ka lura da wannan sosai, domin nan ne iyaye suke ɓata ƙarfinsu. Matsalar ba rashin sani ba ce. Ɗan dakon nan ya fi ni sanin yadda faɗuwa da buhu take. Sanin yana nan, sai dai ba ya da nauyi a daidai lokacin da hannu zai miƙa.

Akwai wani gwajin da ya fi wannan sauƙi, kana iya yi wa kanka yanzu. In ba ka Naira 5,000 a yau, ko in ba ka 8,000 bayan wata ɗaya? Kowannenmu yana rage wa gobe daraja, ai shi ya sa Bahaushe ya ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Amma wani bincike da Kris Kirby da Nancy Petry da Warren Bickel suka wallafa a 1999 ya gano cewa masu shan hiroyin suna rage darajar kuɗin da za a jira kusan ninki biyu na yadda sauran mutane ke yi. A wurinsu gobe ta yi nisa, ta yi ƙanƙanta. To yanzu ɗora abubuwan da yake ƙauna a kan sikeli. Lafiyarsa, auren da yake buri, ganin Inna ta tsufa a cikin rufin asiri, duk waɗannan a gobe suke zaune. Ciwon bayan da ke cinsa da buhunan da ke jiransa kuwa yau ne, da asubar nan.

Ba zan ɗora wa ƙwaya laifin duka ba. Wasu da wannan gajen haƙuri suka taso, shi ne ma ya kai su ga gwadawa. Gaban ƙwaƙwalwa, wanda shi ne birkin mutum, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, don haka yaron da ya fara yana ɗan 16 ya ɗora kaya a kan motar da ba a gama haɗa mata birki ba. Talauci ma yana gajarta gobe. Wanda bai san abin da zai ci da dare ba, kada ka yi mamaki in bai yi lissafin ƙodarsa ta shekara goma masu zuwa ba. Sannan ita ƙwayar ta zo ta ƙara dagula lissafin: tana tunzura sinadarin dofamin, wanda aikinsa shi ne koya wa ƙwaƙwalwa abin da ya cancanci a sake nema. A hankali sai sauran abubuwan jin daɗi, abinci da hira da wasa da yara, su dusashe. Daga ƙarshe ma ba don jin daɗi yake sha ba, don ya tsira daga azabar rashinta ne: ciwon gaɓoɓi, gumi, zawo, hamma, rashin barci, da wani baƙin ciki da ba ya misaltuwa.

Bari in sa rigar aikina in gaya maka kasadar da ake yi a zahiri. Tiramol magani ne na ciwo mai tsanani, kuma iyakar abin da likita zai ba babban mutum a yini guda miligiram 400 ne, shi ma a rarrabe. Hukumar NAFDAC ta amince ne da mai 50 da mai 100. Wanda ya haɗiyi mai 225 guda biyu a lokaci ɗaya ya riga ya haura iyakar yini, alhali akwai masu watsa huɗu ko biyar da shayin safe. Bayan kashe zafi, tana taɓa wasu sinadaran ƙwaƙwalwa masu sa kuzari, shi ne "ƙarfin" da 'yan dako da 'yan acaɓa suke ji, kuma ta wannan hanyar ce take jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba. Ƙarfin ma na aro ne. Jiki bai ƙaru da komai ba, an dai toshe bakin mai gargaɗi ne, mutum yana ta yi wa bayansa illa bai ji ba. Idan aka haɗa ta da kodin, ko roci, ko diyazefam, ko giya, kowannensu yana danne numfashi, sai mutum ya kwanta barcin da ba a tashi. Kuma abin da ke cikin fakitin ba lallai ne ya zama abin da aka rubuta ba. A watan Fabrairun 2025 wani binciken BBC ya nuna yadda ake shigo da ƙwayoyi daga Indiya zuwa Afirka ta Yamma masu haɗin tafentadol da karisofrodol, haɗin da ba a amince da shi a matsayin magani ba, har hukumomin Indiya suka haramta shi bayan rahoton.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda kyawawan ɗabi'un da muka tarbiyyantar da su a kai suke zama ƙofar shiga. Na ɗan dako, biyayyar uwa ce. Na wani, amana ce: abokan da suka ba shi wurin kwana ranar da ya sauka daga tirela ba shi da kowa a Ikko, ta yaya zai ƙi abin da suka miƙo masa? Na mata kuwa, kunya ce. Tun kafin gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, kwana ɗaya bayan rahoton BBC a kan lamarin, da ma bayan haka, nakan ga matan aure masu kamun kai suna aiko yara, ko su zo da kansu su ce na maƙwabciya ne. Irin wannan matar ta gwammace ta sha abin da ba ta san asalinsa ba a bayan ƙofa, da a gan ta a layin asibitin ƙwaƙwalwa a je a gaya wa dangin miji. A lissafinta mutuncinta take karewa. Idan kika ce mata ba ta da kunya, kin faɗi akasin gaskiya, kuma kin rufe ƙofar da za ta iya fitowa ta ciki.

To shin waɗannan ɗabi'u suna iya zama ƙofar fita? Tarihi ya nuna suna iyawa. A lokacin yaƙin Biyetnam, kusan ɗaya cikin biyar na ƙananan sojojin Amurka da ke can sun kamu da hiroyin ko danginta, har hankalin gwamnati ya tashi. Aka sa wata mai bincike, Lee Robins, ta bi sawun waɗanda suka koma gida a watan Satumban 1971. Cikin waɗanda suka kamu a can, kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai suka sake kamuwa a shekarar farko, kashi 12 kuma a cikin shekara uku. Ƙwayar ba ta sauya ba. Abin da ya sauya shi ne sun bar fagen fama sun koma inda akwai iyali da aiki da abin da za su yi asararsa. A farkon shekarun 1990 kuma, Stephen Higgins na Jami'ar Vermont ya gwada ba masu shan hodar iblis takardar sayayya duk ranar da gwajin fitsarinsu ya fito da tsabta, darajar takardar tana ƙaruwa in an jera kwanaki. Sun fi waɗanda aka yi wa nasiha kawai daɗewa a magani da kuma ƙauracewa. Hikimar ita ce an ɗauko ladan gobe an kawo shi yau.

Mu ma muna da namu shaidar. Kowane azumi nakan ga samarin da ba sa iya kaiwa hantsi ba su sha ba, sun daure tun daga alfijir har faɗuwar rana, kwana talatin. Amma kada ka ɗauki wannan ka mayar da shi sanda, ka ce ashe da gangan yake yi. Da yawansu suna ramawa da dare, wani lokaci ma fiye da ƙima. Abin da azumin ya nuna shi ne birkin yana nan, yana kamawa idan iyakar a bayyane take, ƙarshenta yana kusa, kuma kowa a kewaye yana yi tare da kai.

Saboda haka idan naka ne, fara da tambaya maimakon huɗuba. Wani masanin halayyar ɗan Adam, William Miller, ya gina hanyar magani sukutum a kan wannan tun 1983: ka bar mutum ya faɗi dalilin canzawarsa da bakinsa, domin idan kai ka faɗa, shi aikin da ya rage masa shi ne kare kansa. Zaɓi lokacin da yake cikin hayyacinsa, ku biyu, ba a gaban ƙannensa ba. Tambaye shi me take yi masa, ka kuma saurari amsar ko da ta ƙona maka rai. Tambaye shi me ta karɓe masa. Tambaye shi wa ya fi jin kunyar ya gan shi a buge. Sannan ka yi shiru. Shirun nan yana da wuya, ni ma ina fama da shi, don an horar da mu ne mu ba da umarni: sha biyu da safe, biyu da dare.

Sai ka gajarta masa gobe. "Ka daina har abada" dutse ne da ba ya ɗaguwa. "Mu je wurin likita ranar Litinin, ni zan raka ka" abu ne da ake iya riƙewa. Ranar da ya dawo gida garau, ya ga bambanci a fuskarki a ranar, a kwanon abincinsa a ranar. Ranar da ya dawo a buge, kada ki zage shi, kada kuma ki wanke masa ɓarnar ko ki biya masa bashin mai ƙwaya. In za a taimaka, a sayi abin da ake buƙata maimakon miƙa tsabar kuɗi. An gwada koya wa iyalai irin wannan salo a Amurka, a ƙarƙashin Robert Meyers da abokan aikinsa, kuma kusan biyu cikin uku sun samu nasarar shigar da nasu magani bayan ya daɗe yana ƙi.

Abu biyu nake roƙon a guje musu. Na farko shi ne mari da sarƙa. Ba mu manta da gidan da 'yan sanda suka buɗe a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019 ba, inda aka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Wanda aka ɗaure bai koyi zaɓi ba, an dai hana shi ne, ranar da aka kwance shi kuma ya fito da ƙarin abin da zai so mantawa. Na biyu shi ne maganar nan ta "a yi masa aure zai natsu". 'Yar mutane ba asibiti ba ce. A bar auren ya zama abin da yake tafiya zuwa gare shi, a yi maganin tukuna.

Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba a Legas da Aro a Abeokuta suna da sashen masu shaye-shaye, haka ma na Kaduna da Maiduguri da Kware ga wanda ya fi son kusa da gida, kuma hukumar NDLEA tana ba da shawara a ofisoshinta ban da kame. A Aro ɗin nan ne Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara, tun 1954, zaunar da marasa lafiya a ƙauyukan kewaye tare da wani ɗan uwansu yayin da ake yi musu magani, don ya gane cewa ba a warkar da mutum a raba shi da nasa. Wanda ya daɗe yana shan tiramol ko roci ko diyazefam kada ya yanke rana ɗaya da kansa, musamman biyun ƙarshe, don yankewar na iya jawo jijjiga. Likita ne zai tsara ragewa.

Ga kuma wani haɗari da iyalai ba su cika sani ba. Bayan mutum ya yi makonni bai sha ba, jikinsa ya manta da sabon da ya yi. In ya zame ya koma ya sha adadin da ya saba a da, shi ne zai iya kashe shi. Don haka kwanakin da suka biyo bayan sallama daga asibiti ko fitowa daga gidan yari su ne na sa ido. In kika same shi ba ya tashi, numfashinsa na ja a hankali ko yana wani irin munshari, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura, leɓɓansa sun sauya launi, ki kwantar da shi a gefensa a nemi mota zuwa asibiti nan take, a tafi da fakitin abin da ya sha. Kada a ɗura masa manja ko madara, yana iya shaƙewa. In jijjiga yake yi kada a cusa masa cokali a baki. Akwai allura mai suna naloksan da ke dawo da numfashin wanda irin waɗannan ƙwayoyi suka danne, amma sai an kai shi da rai.

Ɗan dakon nan ya dawo bayan kusan wata biyu, wannan karon man shafawa na ciwon baya ya zo saya. Ya ce ya je asibiti sau ɗaya, layin ya cinye masa yini guda na aiki, bai koma ba tukuna. Ya rage daga huɗu zuwa biyu, ya koma tura baro, wanda kuɗinsa bai kai na dako ba. Abin da ya fi ba shi wuya, in ji shi, shi ne kiran Inna ya gaya mata kuɗin wannan watan zai ragu. Na tambaye shi me ta ce. Ya ce ta tambaye shi ko yana cin abinci. Na rubuta masa ranar da likitan yake ganin masu dawowa a bayan rasit ɗin man shafawar, ya ninke shi ya sa a cikin ledar nan tare da sauran.